Darasi: Yadda Za Ka Gano Tambarin Da Ke Ɓoye A DNA Na Ƙwayar Sanƙarau Da Python

Kwanakin baya ina share tarkace daga wayata saboda ma'adanarta ta cika, sai na ci karo da wani fayil da na sauke tun bazarar bara na manta da shi. Girmansa megabait biyu ne da 'yan kai, bai kai hoton biki guda ɗaya ba. Amma abin da ke cikinsa shi ne cikakken rubutun halittar ƙwayar da ke kawo sanƙarau, cutar da a shekarar 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, mafi yawansu a nan Arewa. Duk wanda ya tashi a Kawo ko Unguwar Dosa ko Badarawa ya san yadda iyaye ke shiga damuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan zafi ya tsananta yaro ya ce wuyansa na ciwo.

Darasinmu na yau a kan wannan fayil yake. Za mu buɗe shi kamar yadda muke buɗe kowane fayil na rubutu, mu nemi wata gajeriyar kalma da ke maimaituwa a cikinsa, mu lissafa ko sa'a ce kawai ta kawo ta, sannan mu duba abin da masana suka gano game da aikinta. Ba ka buƙatar digiri a kimiyyar halittu. Ni kaina daga sakandare na tsaya, sauran a intanet na tsinta. Abin da kake buƙata shi ne Python, ko a kwamfuta ko a waya ta hanyar Pydroid 3 ko Termux.

DNA a idon mai rubuta manhaja

Kwamfuta tana adana komai da alamu biyu, 0 da 1. Halitta tana amfani da huɗu: A, C, G da T. Kowane harafi sunan wani sinadari ne, amma a wajenmu harafi ne kawai. Jimillar haruffan da ke jikin wata halitta shi za mu riƙa kira kundin gado a wannan darasi. Na ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3. Na ƙwayar sanƙarau, wadda masana ke kira Neisseria meningitidis, miliyan 2.2 ne kacal.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe tun yanzu, domin shi ne zai ba ka matsala a gaba. DNA zare biyu ne da aka tufke wuri guda, kuma kowane harafi yana da abokin zama a ɗaya zaren: A kullum tana fuskantar T, C kullum tana fuskantar G. Haka nan zare na biyu ta baya ake karanta shi. Fayil ɗin da za ka sauke zare ɗaya kawai ya rubuta, saboda in ka san ɗaya ka san ɗayan.

Yanzu mene ne tambari? Buɗe kowane fayil na PDF da manhajar karanta rubutu zalla, za ka ga ya fara da %PDF. Kowane hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF. Ko an canza sunan fayil, ko an goge shi daga katin waya, manhaja irin PhotoRec tana gane shi ta waɗannan 'yan alamu. Abin da ke cikin hotuna ya bambanta, amma tambarin ba ya canzawa, domin ranar da ya canza babu manhajar da za ta iya buɗe hoton.

Haka abin yake a ƙwayoyin halitta. Duk lokacin da bakteriya ta rabu biyu sai ta kwafi kundinta, kuma jefi-jefi ana samun kuskuren kwafi. A tsawon miliyoyin shekaru kurakuran nan sun taɓa kusan ko'ina. To idan ka ga wata gajeriyar kalma ta ƙi canzawa, tana nan daram a wurare da yawa ko a cikin halittu daban-daban, akwai abin da ke riƙe da ita. Galibi waɗanda kuskure ya faɗa wa a wannan wuri ba su rayu sun bar zuriya ba. Wanda ya taɓa gadon tsohon kod na wani ya san wannan: bayanan gefe kowa ya taɓa su yadda ya ga dama, amma sunan aikin da ake kira daga wurare ɗari babu mai ƙarfin halin taɓa shi.

Mataki na farko: sauke fayil

Shiga shafin NCBI, ma'adanar bayanan halittu ta gwamnatin Amurka, wadda kowa ke shiga kyauta. A akwatin bincike rubuta NC_003116. Wannan lambar wani nau'in ƙwayar sanƙarau ce mai suna Z2491, ta rukunin A, wadda aka samo a Gambiya a 1983, aka kuma wallafa cikakken kundinta a shekarar 2000 daga cibiyar Sanger ta Ingila. Na zaɓe ta ne da gangan, domin rukunin A shi ne ya yi mana ɓarnar 1996. Sauke shi a tsarin FASTA, ka sa masa suna sankarau.fasta. In ka buɗe za ka ga layi ɗaya na bayani da ya fara da alamar >, sai kuma haruffa har iya ganinka.

Ga kod ɗin:

def karanta(suna):
    with open(suna) as f:
        layuka = [l.strip() for l in f if not l.startswith(">")]
    return "".join(layuka).upper()

dna = karanta("sankarau.fasta")

from collections import Counter
k = 10
kirga = Counter(dna[i:i+k] for i in range(len(dna) - k + 1))
print(len(dna))
print(kirga.most_common(10))

Abin da yake yi ba shi da wuya. Yana ɗora taga mai faɗin harafi goma a farkon rubutun, ya rubuta abin da ya gani, ya matsa harafi ɗaya, ya sake rubutawa, har ƙarshe. Daga nan ya nuna kalmomi goma da suka fi yawa. Idan a waya kake, rufe sauran manhajoji tukuna, domin yana cin RAM ba kaɗan ba.

Kula da l.strip() ɗin nan. Karon farko da na gwada ban sa shi ba, sai alamar ƙarshen layi ta riƙa shiga tsakiyar kalmomi tana yanke su, lissafina ya riƙa fitowa ƙasa da abin da na karanta a wajen masana. Na kwana ina zargin fayil ɗin, ashe laifin nawa ne.

A cikin sakamakon za ka ga kalmomi biyu da 'yan uwansu sun mamaye saman jerin: GCCGTCTGAA da TTCAGACGGC. Ka duba su da kyau. Juya ta farko ta baya, ka musanya kowane harafi da abokin zamansa, za ka samu ta biyu. Kalma ɗaya ce, sau ɗaya a wannan zare, sau ɗaya a wancan. Sauran da ke biye da su, irin su TGCCGTCTGA, ita ce dai taga ta kama ta a karkace. Don haka lissafi na gaskiya sai an haɗa zare biyun:

def juya(s):
    return s[::-1].translate(str.maketrans("ACGT", "TGCA"))

tambari = "GCCGTCTGAA"
print(dna.count(tambari) + dna.count(juya(tambari)))

Za ka samu kusan 1,900.

Mataki na biyu: shin sa'a ce?

Wannan shi ne matakin da ya raba bincike da kallon gajimare ana cewa ga doki ga raƙumi. A rubutu mai haruffa miliyan biyu dole wasu kalmomi su maimaitu ko da babu dalili. Tambayar ita ce sau nawa.

Kowane gurbi yana iya ɗaukar ɗaya daga haruffa huɗu. Kalma mai harafi goma tana da yiwuwar siffa 4 sau 4 har sau goma, wato 1,048,576. Kundin yana da gurabe miliyan 2.2 a kowane zare, miliyan 4.4 ke nan a duka biyun. Raba miliyan 4.4 da 1,048,576, za ka samu 4 da ɗan ɗori. Wato da a ce caca aka yi wajen jera haruffan, kalmar nan sau huɗu za ta fito. Ta fito sau 1,900. Kusan ninki 450 ke nan, kuma a matsakaici duk bayan harafi dubu da ɗari ɗaya ko biyu sai ka sake cin karo da ita.

Wannan lissafi mai sauƙi ya yi aiki a nan ne saboda a wannan ƙwaya haruffa huɗun kusan daidai suke da yawa. Kada ka ɗauke shi haka ka kai kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda kusan kashi 80 cikin 100 na haruffanta A da T ne. A can kalma irin ATATATTAAT za ta cika ko'ina ba tare da wata ma'ana ba, sai ka gyara lissafin da yawan kowane harafi.

To mece ce aikinta?

Kwamfuta ta gama nata aikin a nan. Ta ce maka akwai abu, ba za ta gaya maka mene ne ba. Amsar daga ɗakin gwaji ta fito, kuma ta riga kundin fitowa. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Goodman da Scocca, suna aiki kan 'yar uwar wannan ƙwaya, wadda ke kawo ciwon sanyi, suka nuna cewa tana tsintar gutsattsarin DNA daga muhallinta tana shigar da su cikin jikinta, amma ba kowanne take ɗauka ba. Wanda ke ɗauke da GCCGTCTGAA shi take so. Daga baya an gano cewa in an ƙara AT a gaba, ta zama harafi goma sha biyu, ɗaukar ta fi ƙarfi. A 2013 aka gano furotin ɗin da ke gane tambarin, mai suna ComP, wanda ke jikin wasu siraran gashi da ƙwayar ke miƙawa waje.

Kamar tsagar gado ce a fuska. Ƙwaya ta mutu ta fashe a maƙogwaron mutum, DNA ɗinta ya watse, maƙwabciyarta ta laluba, ta ji tsagar gidansu, ta jawo shi ciki ta ɗinka a kundinta. DNA na mutum ko na wata baƙuwar bakteriya ba shi da tsagar da yawa, sai a bar shi a waje.

Wannan ba labarin nishaɗi ba ne a wajenmu. Mutane da yawa suna ɗauke da wannan ƙwaya da danginta a maƙogwaro ba tare da ciwo ba. Abin da ke mayar da ita makashiya shi ne wani sulke na sukari da take lulluɓe kanta da shi don garkuwar jiki ta kasa kama ta, kuma da irin sulken ake raba su rukuni-rukuni: A, B, C, W, X, Y. Yawancin rigakafi ma sulken yake koya wa jiki ganewa. An fara ba da rigakafin MenAfriVac na rukunin A a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ya iso Najeriya a 2011, kuma rukunin A ya kusan ɓacewa. Sai ga shi a 2013 wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a yankin Sakkwato da Kebbi. A 2015 ya yi ɓarna a Nijar har cikin Yamai. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya tashi daga Zamfara ya bazu, aka ƙirga sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu.

Daga ina ya fito? Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya kwatanta kundayen ƙwayoyin, ya nuna cewa asalinsa wani nau'i ne marar sulke da ke zaune lafiya a maƙogwaron mutane, wanda ya samo umarnin ƙera sulken C daga wata ƙwayar. Wato irin musayar DNA ɗin da tambarin nan ke sauƙaƙawa tsakanin dangi ita ce ta haifar da sabon maƙiyi. Shi ya sa rigakafin rukuni ɗaya bai isa ba, kuma shi ya sa Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV a 2024, wanda ya haɗa rukuni biyar: A, C, W, Y da X.

Inda masana suka rabu

Sanin abin da tambari ke yi daban, sanin dalilin da ya sa ya yi yawa daban. Wasu masana suna ganin ƙwayar tana amfana ne: in DNA ɗinta ya lalace, tana samun kayan gyara daga 'yan uwa, kuma an lura tambarin ya fi taruwa a sassan da ke kula da gyaran DNA da sauran muhimman ayyuka. An kuma lura sau da yawa yana zuwa biyu-biyu, ɗaya na fuskantar ɗaya, a ƙarshen umarni, inda yake naɗewa ya zama alamar tsayawa ga injin da ke karantawa. Kalma ɗaya, aiki biyu.

Amma Rosemary Redfield ta Jami'ar British Columbia a Kanada ta daɗe tana jayayya da cewa ba lallai ne akwai wata manufa ba. A ganinta bakteriya na cin DNA ne a matsayin abinci tun farko. Idan ƙofar shiga ta ɗan fi son wata kalma, to duk gutsuren da ke da kalmar zai fi shiga, ya fi samun damar maye gurbin wanda ba shi da ita, kuma a hankali kundin zai cika da ita ko da ba ta ƙara wa ƙwayar komai ba. Ita da abokan aikinta sun gwada haka da kwaikwayon kwamfuta, tambarin ya taru da kansa. Ni dai wannan hujja ta burge ni, wataƙila don na sha ganin irinta: layin kod da ke cikin kowane fayil na wani aiki, ba don yana da amfani ba, sai don kowa daga fayil ɗin farko yake kwafa. Yawan abu ba ya nuna amfaninsa kai tsaye.

Tambarin da ya jira shekara 20

A 1987 Yoshizumi Ishino da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka ta Japan suna nazarin wani sashe na bakteriyar E. coli, sai suka ga wata kalma mai harafi 29 ta maimaitu sau biyar, tsakanin kowace biyu akwai haruffa 32 da ba su yi kama da juna ba. Suka rubuta abin da suka gani, suka wuce. A 1993 Francisco Mojica na Jami'ar Alicante a Sifen ya ga irin wannan tsari a wata ƙwaya da ke rayuwa a fadamar gishiri. Halittu biyu masu nisan dangantaka, tsari iri ɗaya. A 2002 aka raɗa masa suna CRISPR, har lokacin babu wanda ya san aikinsa.

Abin da Mojica ya yi a 2003 kowane mai karanta wannan shafi zai iya yin sa yau. Ya bar kallon kalmar da ke maimaituwa, ya koma kan haruffan da ke tsakani, ya riƙa liƙa su ɗaya bayan ɗaya a BLAST, manhajar da ke neman makamancin rubutu a ma'adanar DNA ta duniya. Sai ɗaya ya dace da wani bairos mai kai wa bakteriya hari. Ashe jerin sunayen maƙiya ne, irin wanda manhajar kashe bairos ta kwamfuta ke ajiyewa. Manyan mujallu suka ƙi karɓar takardarsa, sai 2005 ta fito. A 2007 masu bincike na kamfanin Danisco, masu kula da bakteriyar da ake yin yogot da cuku da ita, suka tabbatar da haka a gwaji. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna ana iya mayar da shi almakashin yanka DNA a inda ake so, suka samu kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da aka gina a kan wannan fasaha. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Wannan magana ce ta wata rana.

Abin lura shi ne an ci moriyar tambarin tun kafin a san aikinsa. Ƙwayar tarin fuka tana da irinsa, mai harafi 36, kuma tun 1997 ake amfani da 43 daga haruffan tsakanin wajen bambance iyalan ƙwayar. Ta haka ake gane tarin fukan shanu, wanda ke iya kama mutum ta ɗanyar madara, domin shi ba ya da biyar na ƙarshe.

Na Unguwar Rimi

Shekaru ina wucewa ta Unguwar Rimi ban taɓa tambayar abin da ake yi a cibiyar da ke kan titin Surame ba. Ita ce cibiyar binciken cutar barci da sammore ta ƙasa, NITR, wadda aka kafa a 1947 don yi wa Afirka ta Yamma aiki, daga baya ta koma hannun Najeriya. Ba a banza aka ajiye ta a nan ba. A shekarun 1930 cutar barci ta addabi ƙasar Zazzau, har aka share dazuzzukan bakin rafi a yankin Anchau don korar ƙudan tsando, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Yau cutar ta yi sauƙi ƙwarai a jikin mutane, amma sammore na nan yana cin shanun makiyaya.

Ƙwayar da ke kawo su, Trypanosoma, ba bakteriya ba ce, ta fi ta girma da sarƙaƙiya, kuma ban san wata halitta da ta kai ta ban mamaki a wannan fanni ba. Tana da wani ƙunshin DNA na dabam a gindin bulalar da take iyo da ita, wanda ya ƙunshi dubban ƙananan zobba, kowanne kimanin harafi 1,000, an sarƙe su da juna kamar sulken mayaƙan da. Zobban sun bambanta da juna sosai, amma kusan kowanne yana ɗauke da wannan kalma mai harafi goma sha biyu: GGGGTTGGTGTA. Ba a wannan ƙwaya kaɗai ba, har a danginta na nesa irin su Leishmania da wadda ke kawo cutar Chagas a Kudancin Amurka. Bincike ya nuna nan ne wurin da ake fara kwafar zoben, kuma akwai furotin na musamman da ke kama ta. Zoben da ya rasa ta ba zai kwafu ba, sai ya ɓace daga zuriya. Ga misali mai tsabta na yadda ake riƙe tambari.

Su kansu zobban an daɗe ana ɗaukar su tarkace, sai a 1990 aka gano suna ɗauke da 'yan jagororin da ke gyara saƙonnin ƙwayar kafin a yi aiki da su, ana cusa haruffa ana cire wasu. Ka ɗauka manhaja ce da aka rubuta da kurakurai da gangan, sannan aka ajiye dubban fayilolin faci a gefe. Wannan ƙunshi yana cikin wuraren da magungunan da makiyaya suka sani, Berenil da Samorin, ke taruwa su yi wa ƙwayar illa.

Akwai wasu biyu. Kowane saƙon furotin na wannan ƙwaya yana farawa da haruffa 39 iri ɗaya da ake liƙa masa a goshi, kamar kan takardar ofis. Sannan ƙarshen kowane zaren gadonta yana ɗauke da TTAGGG a jere sau da yawa, don kare bakin daga zaizayewa. An ga wannan a jikin ƙwayar a 1984, sai a 1988 aka gano cewa haruffa shidan nan su ne a ƙarshen namu zaren mu ma.

Amfanin wannan ga likitan dabbobi a fili yake. Idan ƙwayoyin sun yi ƙaranci a jinin saniya, madubin likita ba ya ganin su. Amma akwai wani rubutu mai harafi 177 da ke maimaituwa sau dubbai a jikin Trypanosoma brucei, kuma gwajin PCR da ke neman sa yana iya kama cutar ko da ƙwayoyin 'yan kaɗan ne. Irin wannan dabara ce a na'urar GeneXpert da ke gwajin tarin fuka a asibitocinmu: tana kama wani sashe sananne na kundin, ta duba haruffa 81 da in sun canza maganin rifampicin ya daina aiki, ta ba da amsa cikin kimanin awa biyu.

Abin da kod ɗinmu ba zai gani ba

Counter yana neman haruffa iri ɗaya sak. Tambura da yawa ba haka suke ba. Alamar da ke nuna wa bakteriya inda za ta fara karanta umarni ana rubuta ta TATAAT, amma da wuya ka same ta cif haka, yawanci harafi ɗaya ko biyu sun kauce. Don irin waɗannan ana amfani da jadawalin da ke ba kowane gurbi maki, kuma manhajar MEME tana yin sa kyauta a intanet.

Mafi wuya su ne na RNA, wato kwafin aiki da ake ɗauka daga DNA. Shi RNA zare ɗaya ne, yana naɗewa ya kama kansa ya yi siffa, kuma siffar ce ke aiki. Don haka haruffa na iya canzawa siffar tana nan: in G da ke riƙe da C ta koma A, sai ka ga C ɗin ma ta koma abokiyar zaman A. Canji biyu da ke tafiya tare a halittu daban-daban shi ne sawun da ake bi. Ɗakin binciken Ronald Breaker a Jami'ar Yale ya gano ɗaruruwan irin waɗannan ta kwamfuta, da yawansu makunnai ne da ke kunna umarni ko kashe shi idan wani sinadari ya taɓa su. Ɗaya daga ciki, mai suna crcB, an gano abin da yake ji ne a 2012 bisa tsautsayi, lokacin da wani sinadarin da suke gwadawa ya zo da gurɓin fuloraid, irin wanda ke cikin man goge baki. Wani mai suna ykkC ya shafe sama da shekara goma ana saninsa kafin a gano abin da yake ji. Ma'adanar Rfam tana cike da wasu da ke jiran nasu lokacin.

Aikin gida

Sauke NC_000907, kundin Haemophilus influenzae, wata bakteriya da ita ma ke kawo sanƙarau ga ƙananan yara, kuma ita ce halitta mai zaman kanta ta farko da aka karanta kundinta gaba ɗaya, a 1995. Canza k zuwa 9. Ya kamata AAGTGCGGT ta fito maka, kusan sau 1,465 a zare biyun. Lissafa da kanka sau nawa sa'a za ta kawo ta a haruffa miliyan 1.83. Sannan ka nemi tambarin sanƙarau a cikinta, ka nemi nata a cikin na sanƙarau, ka ga ko suna gane tsagar juna.

Na biyu ya fi daɗi. Sauke NC_000913, wato E. coli, ka nemi GCTGGTGG. Wannan alama ce da ke gaya wa injin da ke cinye karyayyen DNA ya dakata ya fara gyara, kuma tana nan kusan sau 1,000 inda sa'a za ta ba da kimanin 140. Amma kada ka haɗa zare biyun a wannan karon. Yanka kundin gida-gida, kowane gida haruffa 100,000, ka ƙirga kalmar daban, juyayyarta daban, ka buga su a jere. Za ka ga ɗaya ta rinjayi ɗaya na dogon zango, sai rinjayen ya juye. Wurare biyu zai juye, wajen harafi na miliyan 1.6 da wajen na miliyan 3.9. Na biyun shi ne inda ƙwayar ke fara kwafar kanta, na farkon inda take gamawa. Wanda ya samu lambobi dabam da waɗannan ya fara duba l.strip() ɗinsa kafin ya turo mini saƙo.